Ƙofar da Ta Kalli Bangon Inno

Talata, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Yau kwamitin kuɗin hanya ya tsayar da magana, kuma yau ce rana ta farko da na dawo daga zama ba tare da ciwon kai ba. Bari in rubuta yadda aka yi, don gobe idan mata suka tare ni in san abin da zan faɗa.

Hanyar garin nan ta mutu, kowa ya sani. Tun da masu sayen hatsi suka gane gara su tara masarar Gozaki da ta Ƙarfi a nan kafin a wuce da ita Funtua, aka yi ta gina sito a bakin titi kamar fili ake rabawa kyauta. Tirela ta shigo, ta juya, ta kwashe kwalta, ta bar mana rami. Shi ne ƙungiyar ci gaban gari ta ce duk mai sabon gini ya ba da wani abu a zuba burji, a gyara kwalbati. Ni kuma aka jefa ni cikin kwamitin saboda ina shiga gidajen da maza ba sa shiga, kuma wai malamar makaranta ba ta gajiya da surutu. Wanda ya faɗi haka bai taɓa koyar da 'yan aji uku ba.

Na zaga gidaje har takalmina ya tsinke. Tambayar iri ɗaya ce. Malama Shafa'atu, rumbu ma gini ne? Ɗakin da za a yi wa yaro ya yi aure fa? Wata har akurkin kajinta ta nuna mini. To yau na ce da su a zaman: wanda ya kashe hanya shi zai biya. Duk ginin da ƙofarsa ta kalli titi, kuma babbar mota za ta iya shiga ta cikinta, shi ke da kuɗin hanya. Sauran a ƙyale su. Shugabanmu, Malam Abdulmutallib, tsohon malamin gona, ya cire tabarau ya ce ashe da ma hankalin kwamitin a gefen mata yake zaune. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

An kuma tsayar da cewa duk wanda motoci suka cutar da gidansa, ya zo da kansa gaban kwamiti ya faɗi sunan wanda yake ƙara. Dole ce ta sa. Tun da aka fara, saƙon gulma ne ke ta zuwa, kowa na kai maƙwabcinsa a ɓoye.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Mata sun huta. Har an sa wa abin suna, wai dokar Malama. Mai akurki ta aiko mini da ƙwai.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan Azahar

Na je gaida Inno, mahaifiyarmu. Tana nan a ɗakinta na ƙasa da Baba ya gina mata, gadonta jingine da bangon baya, inda yake tun ina rarrafe. Bayan bangon nan lungu ne, wanda da jaki da amalanke kaɗai ke bi. Tsallaken lungun kuwa gonar Baba ce, inda Yaya Bature ke gina sitonsa. Maganar yadda gonar ta koma sito ba zan rubuta ta a nan ba. An gama, an yi addu'a, an tashi.

Da zan dawo sai na bi ta lungun. Magina sun toshe babbar ƙofar siton ta gefen titi, bulo ɗanye har sama. Sun fasa wata ta baya, mai faɗi, tana kallon bangon Inno ido cikin ido.

Na koma ciki na ce, "Inno, kin ga aikin da Yaya yake yi a baya?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. Ta ce, "Auta, miƙo mini faifan can."

Na san za ta yi haka. Yaya ɗanta ne na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba Baturen da gari ke kiransa ba, balle na yanka. Mutumin nan, ko babbanku, iyakarta ke nan. Idan ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa iska. In akwai magana, ni auta ni ce mai kaiwa da kawowa, ko da suna jin numfashin juna. Haka na tashi na tarar, ban taɓa ganin nauyin abin ba sai yau.

Litinin, 15 ga Satumba, da yamma

Na sake bi ta lungun. Ba idona ba ne.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan La'asar

Na sami Yaya a wurin ginin, yana tsaye da waya biyu a hannu. Na gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce, "A'a, hukuma da kanta."

Na ce, "Yaya, ƙofar nan fa?"

"Ƙofa ce. Tana kallon titi?"

"Ba ta kallo."

"To dokar Malama na bi. Ko kin canza ta ne ban ji ba?"

Na ce masa lungun ba zai ɗauki mota ba, kuma bangon Inno na ƙasa ne, ga damina ba ta tafi ba. Ya ce shi ba kuɗin ne ya dame shi ba. Wai shekarun baya an yi karo-karon kwalbati, shi ya fi kowa bayarwa, har yau ruwa ta kan titi yake wucewa. Wannan kam gaskiya ne. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ita Innon ta ce wani abu ne?"

Ya san amsar. Na kalle shi, ya kalli wayarsa. Na dawo gida na kwanta da mayafina a jikina.

Asabar, 20 ga Satumba, da rana

An fara. Sabuwar masara ta fara shigowa, a ƙananan motocin kanta tukuna, ba tirela ba. Ina zaune a ɗakin Inno wata ta shigo lungun, sai da kwanukan da ke jere a kan kabad suka yi ta haɗa baki. Ƙasa ta zubo daga azara a kan zanin gado. Inno ta sa hannu ta kakkaɓe, ta ci gaba da ba ni labarin jikar maƙwabciyarta Ummukulsum da ta yi haƙori.

Akwai tsaga a bangon, daga saitin matashin kanta zuwa sama. Na gwada da tsinken tsintsiya, ya shige. Ta ce da ma can tana nan. Ni na san bangon nan kamar tafin hannuna, babu ita.

Talata, 23 ga Satumba, bayan Magariba

Zama. Ashe ba Yaya kaɗai ba ne, wasu biyu ma sun fara auna bayansu. Ɗanasabe, wakilin direbobi, ya ce in aka yi wasa nan da kaka duk gine-ginen garin nan za su juya wa titi baya kamar masu fushi da shi. Aka yi dariya. Ya ce, "Malama, dokarki ta haihu." Aka sake yin dariya. Ni ma na yi, don kada a ce.

Na ce to a gyara ta mana. Malam Abdulmutallib ya ce bayan zamanmu an kai ta babban taron gari ya amince da ita, shi kaɗai zai taɓa ta, kuma ba mai zuwa taro yanzu kowa yana gona. Sai bayan an gama girbi. Na ce bangon ba zai jira girbi ba. Ya ce akwai hanya ɗaya: idan mai gidan da abin ya shafa ya zo ya yi ƙara, kwamiti na da ikon kafa ƙarafa a bakin lungu, mota ba ta ƙara shiga. Daga nan dole mai sito ya buɗe ta gaba ya biya.

Na ce, "To na yi ƙara."

Ya ce, "Ke 'yar kwamiti ce, kuma ba gidanki ba ne. Hajiya Inno ce za ta zo, ta faɗi da wa take."

Na ce, "Malam, ɗanta ne na fari."

Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce ya sani, amma in ya karɓi ƙara ba suna don uwar 'yar kwamiti ce, gobe da wane baki zai kori masu gulma? Na tattara takarduna na fito.

Alhamis, 25 ga Satumba, da La'asar

Na bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai yi ƙarar. Kowa na da abin faɗa. An daina shanya a waje. Ba a barin yara su fita. Kwata ta toshe da taɓon da tayoyi ke turowa. Ina cewa to ku zo ranar Talata, sai kowa ta tuna tuwonta na kan wuta.

Ummukulsum ce ta faɗa mini gaskiya, don ita ba ta iya zagaye-zagaye ba. Katangarta ce ke manne da ta Inno. Ta ce, "Shafa'atu, uwar da ta haife shi tana kwance a jikin bangon ba ta ce uffan ba, sai ni? A ce na fi ta jin zafi? Ta fara, wallahi ina bayanta."

Na gaji. Ƙafata ta kumbura, ga takardun yara ban duba ba.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Tirela ta farko. Sai da ta goge kusurwa kafin ta juya.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan Azahar

Na yi wa Inno fura yadda take so, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla kamar 'yar aji ɗaya. Ba kotu ba ce. Ba wanda za a kama. Za ki je ki zauna, a ce da wa kike, ki faɗi suna sau ɗaya, shi ke nan mu dawo.

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ni?"

"Ke, Inno."

"A gaban maza?"

"Mutum biyar ne kawai, kuma duk kin girme su."

Ta ce, "Auta, boko ya ƙare miki a ka. Ranar suna ma da aka raɗa shi, toshe kunnena na yi. Babanku ya rasu bai taɓa jin na faɗa ba. Yanzu da furfurata in je kasuwa in kira shi, kuma don in kai shi ƙara?"

Na ce ba kasuwa ba ce. Ta ce duk inda ba ɗakinta ba kasuwa ne. Na ce to a matsar da gadon. Ta ce ɗakin nawa yake, a matsar da shi ina, kan randa? Na ce ta dawo gidana. Ta ce ba ta zama gidan suruki tana da rai.

Na yi fushi, na tafi ban yi sallama ba. A hanya na ji kunya, amma ban koma ba.

Talata, 30 ga Satumba, da hantsi

An yi ruwa mai ƙarfi da asuba. Kafin in tafi makaranta na kira Sanda magini ya duba. Yanzu yatsana na shiga. Ya ce zai iya yaɓewa, amma in dai ana girgiza shi kullum, yaɓen kwalliya ce kawai. Inno ta ba shi goro ta ce ya gaida gida.

Ba zan je zaman yau ba. Na aika cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Na tarar da Yaya durƙushe a bakin ƙofarta. Ita tana kallon gefe.

Ya ce, "Auta, ki ce da Inno ɗakin nan na gidana yana nan a share. Na sa an yi fenti."

Na faɗa mata. Ta ce, "Ki ce an gode."

Na faɗa masa. Ya ce, "Ki ce ko yau in ta shirya mota na waje."

Na faɗa. Ta ce, "Ki ce Allah ya yi albarka."

A zaure na tare shi. Na ce, "Yaya, tsakani da Allah, ka ga tsagar nan?" Ya ce ya gani. Na ce to? Sai ya yi magana a hankali, ba irin muryar da yake yi wa 'yan dako ba. Ya ce, "Shekara nawa ina roƙo ta dawo wurina? Na gina ɗaki, na sa fanka, na sa famfo. Ke kullum kina jikinta. Ni ko ruwa ba ta taɓa sha a gidana ba. In bangon nan ne zai fito da ita, to ya fito da ita."

Na ce in ya fito da ita a kan makara fa? Ya ce in iya bakina. Ya tafi.

Da ma a ce rowa ce, da na san yadda zan tsane shi in huta. Yanzu ga shi tausayinsa nake ji, kuma ina jin haushin kaina da nake jin tausayin.

Asabar, 4 ga Oktoba, da rana

Motoci. Motoci. An ce masara ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Na gaji.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan Magariba

Na ce da Malam, maigidana, zan koma kwana wurin Inno na ɗan lokaci. Ya tambaya ko jikinta ne. Na ce bangonta ne. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma in kin je tare shi za ki yi da bayanki?" Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba. Na dai san ba na barci a gidana, to gara in yi rashin barcin a can. Ya ce Allah ya tsare, ya ɗauko mini katifar yara.

Gadon Inno ƙarami ne. Wurin da katifa za ta shiga ɗaya ne, a ƙasa, daga ƙafar gadon, jikin bangon nan. Ta ce me ye haka? Na ce zafi ya yi yawa a gidanmu.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Idan gari ya waye yanzu haske na shigowa ta tsagar, siriri, ya kwanta a kan zanina. Motar farko kan zo bayan an fito masallaci. Jiya wani ɓangaren yaɓe ya faɗo kusa da kunnena. Na tattara na zubar a tsakar gida.

Yau kuwa Inno ta yi mini tas. Ta ce ina da miji, ina da 'ya'ya, me na zo nema a ɗakin tsohuwa? Ta ce ita ta ci zamaninta, in ƙasa ta rufe ta a nan ɗakin mijinta ne, ba ta yi asara ba. Na ce ni ma ɗakin ubana ne. Ta ce in tashi in tafi. Na ce sai mun tafi tare, ko motoci su daina.

Ta ce, "Da gangan kike yi."

Na ɗauki jakata na tafi makaranta. Ran nan na ce ban san abin da ya kawo ni ba. Bari in bar shi a haka.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Ba ta yi mini magana ba yini guda. Ta dai ajiye mini tuwo a rufe.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Na farka na ga ta riga ni tashi, tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, ba ta ja. Ashe ta cire bargonta ta tura tsakanina da bango ina barci, sai ka ce bargo zai tare ƙasa. Mota na shigowa lungun, idonta a kaina yake, ba a kan bangon ba.

Da ƙarar ta lafa ta ce, "Yaushe suke zaman nasu?"

Na ce Talata.

Ta ce, "Ki wanke mini farin mayafina."

Na ɗauka zan ji daɗi.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan La'asar

An yi zama. Yau ba zan iya ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da rana

Ofishin ƙungiya shago ne kawai da benci uku, amma jiya har waje mutane suka tsaya, don labari ya riga mu zuwa. Ummukulsum ta cika alkawari, ita ta riƙe Inno ta ɗaya gefen. An aika wa Yaya, ya zo da babbar riga, ya zauna can ƙarshen benci. Ina jin bai yarda za ta zo ba. Da ya gan ta a bakin ƙofa ya zame daga bencin ya koma ƙasa.

Malam Abdulmutallib ma ƙasa ya sauko ya gaishe ta. Aka shimfiɗa mata tabarma. Ya tambayi abin da ke tafe da ita. Ta ce motoci na bi ta bayan ɗakinta, bango ya tsage, ɗiyarta na kwana a jikinsa. Ba ta ce ita ma tana kwana ba.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ƙa'ida ce. Motocin wa?"

Ta ce, "Na mai siton."

Ya ce, "Masu sito suna da yawa, Hajiya."

Ɗanasabe ya ce, "Malam, ai kowa ya gane." Malam bai kalle shi ba. Ni kuwa a lokacin da zan iya da na ɗauke ta mun fita, bango ya yi abin da zai yi. Na buɗe baki in ce a bari, sai ta ɗora hannu a gwiwata.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Tana kallon tabarma ta ce, "Zainulabidin."

Ba da ƙarfi ba. Ta faɗe shi a hankali, tana tsayawa a tsakiya, kamar mai tsallaka ruwa da kaya a kai. Ni kaina na manta haka sunan yake da tsawo.

Daga can ƙasan benci Yaya ya ce, "Na'am, Inno."

Ba wanda ya motsa. Mutum mai jikoki, mai furfura a gemu, ya ɗago kai yana jira, irin jiran yaron da aka kira za a aike shi. Ba ta ƙara komai ba. Malam Abdulmutallib ya yi gyaran murya ya ce kwamiti ya ji, za a kafa ƙarafa. Yaya ya ce ba sai an kafa ba. Ya tashi ya fita, har ya bar takalminsa ɗaya a juye a bakin ƙofa, sai da ya dawo ya saka.

A hanyar gida Inno ba ta yarda na riƙe ta ba. Ummukulsum ta riƙe.

Asabar, 18 ga Oktoba, da La'asar

An toshe ƙofar baya. An fasa ta gaba. Yaya ya biya kuɗin hanya, Ɗanasabe ya ce ko tambayar nawa ne bai yi ba. Sauran biyun da suke auna bayansu sun fasa. Sanda ya fara aikin bango, ya ce zai tsaya.

Matan lungu sun fito da shanya. Suna ta sa mini albarka, wai na yi ƙoƙari. Malam Abdulmutallib ya ce in shirya abin da zan faɗa a babban taro kan gyaran dokar. Na ce to.

Na mayar da katifar yara gida. Da zan fita na ce, "Inno, na tafi." Ta ce, "Kin samu abin da kika zo nema?" Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ne.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Na yi barci. Na tashi a gajiye.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je na tarar da Yaya a bakin ƙofar Inno, daga masallaci. Ummukulsum ta ce kullum yanzu sai ya zo, da can sai jefi-jefi. Ya gaishe ta, ta amsa wa iska kamar yadda ta saba. Gaisuwa ta ƙare amma bai tashi ba. Ya tambayi bango, na ce ya bushe. Ya tambayi ko tana bukatar itace, na tambaye ta, ta ce akwai. Bai yi maganar ɗakin gidansa ba. Ya zauna dai a durƙushe, gwiwarsa na ciwo, ina gani yana canza ƙafa.

Sai na gane abin da yake jira. Ina jin ita ma ta gane, don ta daɗe tana murza bakin zaninta, har leɓenta ya motsa.

Ta juya ta kalli sabon yaɓen. Ta ce, "Auta, ki ce da mutumin nan rana ta yi, ya gaida gida."

Ya ji. Ni ma na san ya ji. Amma ya ɗago yana kallona, don haka aka saba. Na juya na faɗa masa.